Cinikin Mota da Tsakar Rana a Sakkwato

Kuɗin da na shiga neman mota da su daga wuri uku suka fito: abin da na samu da na sayar da tsohuwar Peugeot 406 ɗina, adashin ofis da ya faɗo kaina, da rancen ƙungiyar ma'aikata wanda za a riƙa cira daga albashi. Kuɗin da mutum zai daɗe yana biya ba ya zuba su don mota ta yi kyau a hoton da dillali ya turo masa a WhatsApp.

Abin da nake nema bai da wuyar faɗa. Mota mai ƙofa huɗu da but, wadda ta fi Corolla da Civic faɗi amma ba ta kai jif ba. Ina da mata da yara uku, kuma duk ƙarshen wata nakan tafi wajen Tambuwal in gaida Inna, wani lokaci in ɗauko ta zuwa asibiti cikin birni. Jif ta fi ƙarfina, ba a saye kawai ba, har da shayar da ita. Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da aka sanar da cire tallafin fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haura 1,000. Camry da Accord na shekarun da nake dubawa kowace tankinta lita 70 yake ci. Sai kowa ya buga lissafinsa.

Ga kuma dala. A watan Yuni na 2023 aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa, dalar da gwamnati ke bayarwa wajen naira 460 ta wuce 1,500 a 2024, kuma da farashin dala kwastan ke lissafin duti. Shi ya sa motar da aka ƙera tun 2010 ta zama abin da ma'aikaci zai ci bashi ya saya. Tsohuwar hanyar Kwatano, wadda ke ratso Nijar ta ɓullo ta Illela ko Kamba, ta ciyar da gidaje da yawa a garin nan, amma daga 1 ga Janairu 2017 gwamnatin tarayya ta hana shigo da motoci ta kan iyakokin tudu. Har yanzu dai Beljiyam muke ce musu, ko da yake yawancin Camry da Accord da ke jere a bakin titunan Sakkwato daga Amurka aka ɗauko su, waɗansu ma daga wuraren gwanjon motocin da suka yi haɗari.

Kafin in taka wurin kowane dillali sai da na je gareji wurin bakaniken da ya riƙe mini 406 tsawon zamanta a hannuna. Dattijo ne, Baba muke ce masa duk da ba dangi ba ne. Na zayyana masa abin da nake so yana wanke hannu da fetur, bai ɗago ba. Da ya gama sai ya ce, "Malam, abu guda nika roƙonka. Kada ka tahi ganin mota da marece. Garin ga da azahar aka ganin mota."

A lokacin watan Afrilu ne, zafi na haura digiri 40 kusan kullum. Da yamma, in an yayyafa ruwa a fili an goge motoci sun yi sheƙi, kowace mota sarauniya ce. Da ƙarfe biyu na rana kuwa, bayan ta wuni a shanye, a nan take nuna halinta. Haka muka riƙa yi: mu yi sallar azahar, in ɗauki Baba a bayan babur ɗin da nake lallaɓawa da shi tun da na sayar da mota, mu shiga zagaye.

Bayan yawon da ya ishe mu, motoci uku suka rage a raina. Honda Accord ta 2009, wadda ake ce wa Anakonda, baƙa wuluk, samfurin EX-L, wato mai kujerun fata da rufin gilas da inji mai fulogi shida. Toyota Camry ta 2010, wadda ake kira Muscle, ruwan toka, samfurin LE, mai kujerun yadi, fulogi huɗu. Sai Hyundai Sonata ta 2012, fara, wadda ta fi su ƙuruciya da ado, amma kuɗin da aka sa mata bai kai na Camry ba.

Ba zan ɓoye ba, Accord ce ta shiga raina. Cikinta faɗi gare shi, har a Amurka ma wannan zubin na 2008 zuwa 2012 ya taɓo sahun manyan motoci saboda yalwar ɗakinsa. Maɓallai reras a gaba, sitiyari mai kauri da ya cika hannu, ƙofa in ka rufe ta ka ji nauyi. Mai wurin ya lura da yadda nake shafa ta, ya matso ya ce, "Yallaɓai, wagga motar manya ta. In ka shiga ofis da ita, ko darakta sai ya waiwayo." Na yi dariya na buɗe na zauna. Ban yi daƙiƙa biyar ba na miƙe. Baƙar fatar da ta sha ranar Afrilu kamar tandar masa take, ta cikin wando da riga sai da na ji ta. Ƙarfen bel ɗin ma ban iya riƙe shi ba. Nan take na tuna ƙaramin ɗana mai gajeren wando da zan riƙa ɗaukowa daga makaranta daidai wannan lokaci.

Fata tana da amfaninta, yaro ya zubar da kunun aya ko fura ka goge da tsumma shi ke nan. Amma a ranarmu bushewa take yi ta tsattsage in ba ana shafa mata mai ba, kuma mota baƙa mai baƙin ciki tana tara zafin da esi zai daɗe yana kokawa da shi, wannan kokawar kuwa fetur ce. Rufin gilas shi ma na tambayi kaina yaushe zan buɗe shi. Da bazara rana, da hunturu ƙura, da damina ruwa. Abin da zai rage mini shi ne robar gefensa da rana za ta cinye da 'yan magudanansa da ƙura za ta toshe. A ganina a Sakkwato rufin gilas ado ne da ake biya sau biyu.

Camry kuwa ba ta da abin burgewa ko ɗaya in ka leƙa. Yadi ruwan ƙasa, roba ko'ina, rediyo irin na da. Sai dai na zauna ban zabura ba. Baba ya sa tafin hannu ya shafa saman dashbod a hankali, ya duba hannunsa, ya sake dannawa da yatsa. Dalilinsa shi ne Camry ta 2007 zuwa 2011 an san waɗansunsu da narkewar dashbod a wurare masu zafi, ya yi danƙo ya riƙa ƙyalli yana kashe ido a gilas, har kamfanin da kansa ya tsawaita garanti a kan haka a Amurka. Wannan nata a bushe yake, ba tsaga. Ya ce duk wadda na gani an shimfiɗa wa dashbod ɗinta kafet tun a wurin dillali, in ɗaga in ga abin da ke ƙasa.

Gwajin esi haka Baba ke yin sa: a tayar da mota, a rufe gilasai, a bar ta tsaye cikin rana ba a taka totur ba, shi kuma ya koma kujerar baya ya zauna ya naɗe hannu. Esin da ke sanyi sai mota na gudu ba esi ba ne a wurinsa, domin rabin rayuwar mota a gari tsayuwa ce, a cunkoson bakin kasuwa ko a ƙofar makaranta. Yana kuma sauraron fanka ko tana tashi tana tsayawa yadda ya kamata, yana kallon allurar zafin inji. Dukansu uku sun yi sanyi. Sonata ta riga, Camry ta bi ta, Accord ta ɗauki lokaci kafin sanyin ya kai baya, ba don esinta ya gaza ba, sai don zafin da ta tara ya fi yawa.

Maman yara ma na kai ta ta gani, tun da ita za ta fi kowa zama cikin motar bayan ni. Ba ta kalli inji ba, ba ta tambayi shekara ba. Ta buɗe but ta auna shi da ido da buhun gero da kayan da Inna ke haɗo mu da su, ta zauna a baya ta miƙe ƙafa, sannan ta ce, "Malam, wadda Inna za ta shiga ta fita ba a ɗaga ta ba, ita za ka duba." Ban yi wannan tunanin ba sai da ta faɗa. Rufin Sonata ya zubo ta baya saboda ado, dole babba ya sunkuya sosai kafin ya shiga. Ga tsohuwa mai ciwon gwiwa da baya, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Akwai wata ta huɗu da ta kusa ruɗa lissafin, a wani wurin daban. Ta fi duk waɗannan sabunta, kuɗinta kuma ƙasa da abin da ya kamata, cikinta na tashin ƙamshin turare. Baba ya tsuguna ya ja bel ɗin kujera har ƙarshensa, sai ga shatin ruwa da laka a can ciki. Ya ɗaga kafet ɗin but, ya leƙa ramin safaya, ya haska ƙarafan ƙarƙashin kujera da fitilar waya, duk tsatsa. Motar ambaliya ce aka wanke aka fesa wa turare. Irin wannan takan yi lafiya wata biyu ko uku, daga nan wayoyi da kwamfutocinta su fara ciwo ɗaya bayan ɗaya, ka zama ɗan gidan mai gyaran wayoyin mota. Bai ce wa mai ita komai ba sai "Allah shi ba da kasuwa," muka hau babur.

Gwajin gudu a hanyar Boɗinga muka yi, ta wajen filin jirgi, inda titi ya miƙe. Dillalai ba sa son a yi nisa, sai ka zuba mai da kuɗinka kuma yaronsu ya zauna a gaba. Na zuba. Accord mai fulogi shida, lita 3.5, ƙarfin doki kusan 270, in ka taka ta sai ka ji bayanka ya manne da kujera. Tirela biyu a jere na wuce ban ji fargaba ba, a kwana kuma ta kama ƙasa, sitiyarin na gaya maka abin da tayoyi ke ciki. A tuƙi dai babu wadda ta kamo ta cikin ukun. Sai dai tana jin rami, kuma ƙarar taya na shigowa ciki. Camry mai lita 2.5, doki 169, giya shida, ba ta da wannan zafin nama. In za ka wuce babbar mota sai ka ba ta wuri ka shirya. Amma lumui take tafiya, tana haɗiye gargada, cikinta shiru har ana jin hirar mutanen baya. Sonata tana tsakaninsu, dokinta 198, da saurin tashi, jikinta dai ya fi sauƙi a hannu.

Da muka dawo na ce wa Baba zuciyata na wurin Honda. Ya ce, "To Malam, doki ɗari da ka ƙara, ina zaka da su? Hanyar Tambuwal da shingaye da shanu da 'yan kabu-kabu?" Sannan ya buɗe bonet ya shiga yi mini dalla-dalla. Injin fulogi shida na Honda da bel yake tafiyar da lokacinsa, wanda ake canzawa wajen mil 100,000, in ya tsinke yana tafiya kuwa injin ne ke tafiya da shi, kuma ba mu da takardar da ta nuna an taɓa canza na wannan. Masu fulogi huɗu, na Honda da na Toyota duka, sarƙa gare su. Injin fulogi shidan na Honda yana da dabarar kashe waɗansu silindoji in an daidaita gudu don rage shan mai, abu mai kyau, amma ƙarin kaya ne da ba kowane bakanike ya iya ba. Ƙafar gaban Accord ta wannan zubin ma ta fi ta Camry yawan gaɓoɓi, shi ne sirrin daɗin tuƙinta, shi ne kuma dalilin da ya sa dole a riƙa duba boljoyin a kai a kai a irin hanyoyinmu.

A takardar Amurka, Camry ta 2010 mai fulogi huɗu tana yin kimanin kilomita 9 da lita ɗaya a cikin gari, 13 da ɗoriya a babbar hanya. Masu fulogi shida na wannan zamanin wajen 8 ne a gari, 12 a hanya. A ido ratar kaɗan ce. Amma wancan lissafin na sabuwar mota ne, ba wadda ta shekara goma sha tana aiki ba, ba kuma wadda esinta ke kunne daga Maris har Oktoba ba. Na ɗauki biro na lissafa zirga-zirgata ta wata, na ga bambancin ya kusa kuɗin makarantar Islamiyyar yara.

Dalilin da ya sa na nace wa Camry ta 2010 ban sauko 2008 ba, duk da fuskarsu kusan ɗaya ce kuma ta 2008 ta fi araha, shi ne inji. Daga 2007 zuwa 2009 injin lita 2.4 ne mai giya biyar, wanda aka san da yawa daga cikinsa da shan baƙin mai, shi ma kamfanin ya amsa hakan. A 2010 aka sauya zuwa lita 2.5. A nan wasu ke wasa da hankalin mai saye: a canza wa ta 2008 bamba da fitilu a ce 2010 ce. Maganin wannan lambar jikin mota ce, mai harafi da alƙalami 17, tana ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba da kuma jikin ƙofa. Na goma a jere shi ne shekara: 8 na nufin 2008, 9 na nufin 2009, A 2010, B 2011, C 2012. Tawa A ce, ta kuma fara da 4T1, wato a Amurka aka haɗa ta. Da wannan lambar ce wani ƙanena ya biya 'yan kuɗi a intanet ya ciro mana tarihinta: an taɓa bugun bayanta kaɗan, ba ambaliya, kuma mil ɗin da ke agogonta bai saɓa da na rahoton ba. A tuna agogon motar Amurka mil yake ƙirgawa, sai ka ninka da 1.6 kafin ka san kilomita nawa ta ci.

Sonata a nan ta fita daga lissafi. A 2015 kamfaninta ya janye motoci kusan 470,000 na 2011 da 2012 a Amurka saboda matsalar inji, kuma ba mu da tabbacin an duba wannan. Injinta irin mai fesa fetur kai tsaye cikin silinda ne, ba ya son gurɓataccen mai, ni kuwa wani lokaci a hanya dole in sha na bumburutu. Na kuma zaga Sahara wurin masu kayan gyara, na tambayi kuɗin abubuwa iri ɗaya na motocin uku: shokozoba, lagireto, famfon mai, kwamfuresan esi, fitilar gaba. Na Camry kowane shago akwai, sabo da Beljiyam, har ka yi ciniki. Na Honda ma akwai. Na Sonata sai a ce maka a bari a kira Kano ko Legas. Arahar da ke goshinta ta fara zubewa tun a nan, balle ranar da zan so sayarwa.

Sai ciniki. Mai Camry ya faɗi kuɗinsa, na yi tayi, ya ce albarka har da dafe ƙirji. "Malam, ka san yadda anka fiddo wagga mota daga Legas? Duti kaɗai ya isa sayen mota shekara biyar da sunka wuce." Gaskiya ya faɗa, amma ni ma ina da tawa. Baba ya riga ya sa mata kwamfuta, ya kwanta ƙarƙashinta ya tabbatar ba tsatsar gishirin da ake zubawa a titunan jihohin Amurka masu ƙanƙara, ya kuma ga tukunyar tace hayaƙi ta jikin salansa, wadda bakanikai ke kira indomi, tana nan ba a yanke ta an sayar ba. Abin da ya samu shi na jera wa Alhaji mai Camry: shokozoba na baya sun gaji, batir ya tsufa, tayoyi kuma lambar da ke gefensu, mai alƙalami huɗu na mako da shekara, ta nuna sun daɗe, biyu ma na ƙanƙara ne waɗanda kwaltar Sakkwato za ta narkar. Na ce duk wannan daga aljihuna za su fito cikin mako guda. Muka rabu ba a daidaita ba. Kwana kaɗan sai ga kiransa, ya sauko, na ɗan hau, dillalin da ya haɗa mu ya riƙe hannuwanmu biyu ya ce a raba ratar. Alhaji ya yi shiru, ya ce, "Na sallama, Allah shi sa ta alheri ce."

Duk da haka ban tura kuɗi ba sai da muka je ofishin kwastan da takardun duti aka duba lambar motar aka tabbatar na gaske ne. Mota mai takardar bogi tana iya yin shekara a cikin gari lafiya, ran da ka nufi Gusau ko Birnin Kebbi a tsayar da kai da iyalinka a bakin hanya. Aka rubuta takardar ciniki da shaidu biyu, na ba dillali la'adarsa, na ba Baba abin da ya ce ya yi yawa amma ya karɓa. Lamba da inshora na mako mai zuwa ne, inshorar dole ta ƙananan motoci kuwa tun Janairun 2023 ta koma naira 15,000 daga 5,000.

Daga can gareji muka wuce kai tsaye. Aka yi juyen baƙin mai, muka sa marar kauri irin wanda aka rubuta a murfin injin, ba mai kaurin nan da ake ɗura wa kowace mota ba. Aka canza matatar iskar esi da ke bayan akwatin gaban fasinja, wadda ƙurar hunturu ke toshewa duk shekara. Wani yaron gareji ya kawo shawarar a cire tamostat a haɗa fanka kai tsaye, wai motar ƙasar sanyi ce ba za ta jure zafinmu ba. Baba ya harare shi ya ce a Amurka ma akwai hamada, in aka cire injin ba zai kai zafin da aka tsara masa ba, sai ya riƙa shan mai a banza. Aka bar shi. A lagireto ma ruwan sanyaya inji na kanti muka zuba, ba na rijiya ba.

Kuɗin da suka rage sun isa batir da shokozoba da tayoyi biyu na gaba. Na baya biyun na jiran albashin wata mai zuwa, kuma Baba ya kafa mini sharaɗi: kafin a canza su, kada in wuce Boɗinga da ita.